Tafiyar ƙasa a duwatsun Abzin: jagora ya cika alkawari, ofis ya saɓa

Mutane da dama sun tambaye ni ko ya dace mutum ya biya ɗaya daga cikin ƙananan ofisoshin yawon buɗe ido na Agadas domin su shirya masa tafiyar ƙasa a duwatsun Abzin, wato hawan tudun Bagzan da bin kwaruruka har zuwa Timiya. Kuɗin dai ba ƙarami ba ne ga mai cin albashi a Damagaram irina, kuma na biya shi cif tun kafin mu bar gari, bisa alkawarin mota mai lafiya da tantuna da jakunan ɗaukar kaya da ruwan sha da jagora wanda ya san hanya, da kuma ziyarar kufan tsohon birnin Asode a ƙarshen tafiya. Cikin waɗannan duka, jagoran ne kaɗai ya zo yadda aka faɗa, har ma ya zarce, kuma bayan ikon Allah shi ne sanadin da ya sa ni da abokan tafiyata muka dawo gida da ƙafafunmu.

Mun tashi a watan Satumba, ƙarshen damina, lokacin da ciyawa ta rufe gindin duwatsu. Daga Agadas muka bi gefen ƙoramar Telwa ta Dabaga har Tabalot, garin albasa, inda aka haɗa mu da jagoran. Dattijo ne Ba'abzine daga ƙabilar Kel Ewe, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana bin ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma, sannan ya gangara da raƙuma Damargu da Kano neman gero, shi ya sa Hausa ta zauna a bakinsa sarai. Baba muke ce masa. Turbar da ya hau da mu Bagzan ta jakuna ce, tana lanƙwasa tsakanin manyan duwatsu, kuma wanda bai saba ba zai ji ta a gwiwa da ƙirji, domin saman tudun ya haura mita 1,500, ƙololuwarsa kuwa, Idukal-n-Tagas, mita 2,022 ce, babu inda ya fi ta tsawo a duk ƙasar Nijar. Can sama akwai ƙauyuka da idanun ruwa da lambunan albasa da tafarnuwa da dankali, ga sanyin dare wanda ba ka tsammaninsa a wannan wata. Duk wannan ya yi kyau, amma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ranar da muka sauko daga tudun, mota ta tarye mu a wani kwari mai faɗi, farin yashi shimfiɗe daga wannan gaɓa zuwa waccan, ga gawo da goruba a gefe. Yaron da ofis ya haɗa mu da shi, tare da direba, sun riga sun kafa tantuna a tsakiyar yashin, saboda ya fi laushin kwanciya kuma ba sai an ɗauki kaya zuwa nesa ba. Sararin sama a kanmu fes yake, ko alamar hadari babu. Baba ya sallame la'asar, ya daɗe zaune a kan buzunsa yana duban can arewa, inda wani baƙin gajimare ya zauna a kan duwatsu masu nisa, walƙiya tana ɗan gilmawa a cikinsa ba tare da an ji tsawa ba. Sai ya miƙe ya zo wurina ya ce, “Malam, ku kwashe kayanku mu hau tudu, yau ba a kwana a nan.” Yaron ofis ya ce, “Haba Baba, ko ɗigo bai sauka ba, kuma mutane sun gaji.” Dattijon bai ɗaga murya ba, ya ce masa, “Yaro, ruwan da ke cin mutum a Abzin ba a kansa yake sauka ba.” Daga nan bai ƙara magana ba, ya kwance jakunansa ya kora su sama.

Muka bi shi, muna jan jakunkuna da tabarmi zuwa wani dandamali mai tsakuwa da ƙaya, wurin da babu daɗin zama balle kwanciya. Direba ya yi ta gunaguni kafin ya yarda ya fitar da motar daga yashi, yaron ofis kuwa ya dage ya bar tanti ɗaya a kafe da jarkokin ruwa da buhun shinkafa, wai don kada ya sha wahalar sake sauko da su da safe. Bayan isha'i, muna zaune a bakin wuta, jakunan suka fara miƙe kunnuwa suna jan igiya, sannan muka ji wani gurnani yana tahowa daga sama da kwarin, kamar manyan motocin dakon kaya sun jero a hanya. Baba ya haska tocila. Abin da muka fara gani shi ne kumfa da kirare suna gudu a kan busasshen yashi, a bayansu kuma ruwa ja wur, ɗauke da kututturan goruba da rassa, duwatsu suna gwaruwa a ƙarƙashinsa har ƙasan da muke tsaye tana rawa. Kafin mu gama salati kwarin ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa, tantin nan ya kife ya bi ruwa, kuma har lokacin taurari ne a kanmu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san ƙasar. Duwatsun Abzin tsirara suke, ba su da ƙasar da za ta shanye ruwa, don haka ruwan da ya zuba a can nesa yakan gangaro gaba ɗaya ta ƙananan magudanai ya haɗu a kwari guda, ya isa wurin da ko iska ba ta kaɗa ba. A farkon Satumban 2009 haka Telwa ta afka wa Agadas kanta cikin dare ta rushe gidaje masu yawa, kuma babu mazaunin garin da ya manta. To ofishin da ke zaune a wannan gari, yana karɓar kuɗin mutane a watan Satumba, ta yaya zai tura yaron da bai san ba a kafa tanti a cikin ƙorama ba?

Abin da ya ƙara mini ganin girman dattijon nan shi ne yadda ya riƙe mu bayan abin ya faru. Bai ce wa yaron komai ba, alhali yaron yana gefe yana rawar jiki. Ya kira shi ya ba shi mafici ya ce ya hura gawayi, ya dafa shayi har zubi uku, sannan ya kwaɓa garin alkama ya binne a cikin toka da yashi mai zafi, ya fito mana da tagalla, ya kakkaɓe ya gutsuttsura a miya, da ita muka kwana. Da gari ya waye ruwa ya janye, amma ya hana mota shiga, ya riƙa bin yashin da sandarsa yana caka wa har sai da ya sami inda ya yi tauri.

Mun isa Timiya raina fari tas, ina ji a zuciyata cewa duk abin da na biya ya halatta. Garin yana da nisan kusan kilomita 220 daga Agadas, kwance a cikin kwari tsakanin baƙaƙen duwatsu, lambuna jere a bakin ƙorama. Lemu bai nuna ba tukuna, amma mun sha rumman, mun ga rijiyoyin da raƙumi ke jan guga kusa da waɗanda aka sa wa injin ban-ruwa. Mun taka zuwa magangarar ruwan da ke wajen gari, wadda damina ta cika, mun kuma hau tudun da Faransawa suka gina ganuwar soja mai suna Masu a shekarun 1950, inda ake hango kwarin gaba ɗaya.

Sai dai a nan Timiya ne yaron ofis ya sanar da mu cewa ba za a je Asode ba, wai man da aka ba su ba zai kai ba. Wannan ya sosa mini rai ƙwarai, domin tsohon birnin nan, wanda ya zama kufai tun bayan yaƙin da Kawsan, jagoran Abzinawa, ya yi da Faransawa daga 1916 zuwa 1917, yana cikin abin da ya sa na yarda da farashinsu, kuma ga shi muna kusa da shi. Da wannan magana ta fito, sai sauran abubuwan da na haɗiye suka dawo mini. Ruwan da suka ɗuro mana tun daga Agadas warin fetur yake yi, dole muka koma shan na rijiyoyin lambu. Tantin da aka ba ni a yage yake ta gefe, na kwana iska tana shiga a saman Bagzan. Motar da aka ce mai lafiya ce, ba ta tashi da safe sai mun tura ta.

Duk waɗannan da zan iya yafewa, in ce haka tafiyar daji take. Wanda ba zan yafe ba shi ne abin da muka tarar da muka koma ofis. Mai wurin ya tarbe mu da fara'a, ya yi mana barka da arziki, sannan ya kawo maganar tantin da ruwa ya tafi da shi, yana neman mu biya. Da muka ƙi, sai ya ce ba komai, zai cire a ladan jagora, tunda shi ne shugaban tafiya kuma shi ya jawo jinkiri a hanya. Na ce masa, “Alhaji, ka ji tsoron Allah, mutumin da ya cece mu, ya ceci motarka da yaronka, shi za ka yanke wa haƙƙi?” Ya ce lissafi lissafi ne. A ranar muka haɗa abin da ya rage a aljihunmu muka aika wa Baba ta hannun wani direban motar albasa mai komawa Tabalot, kuma ya kira ya tabbatar mana saƙo ya isa.

Wanda ke son ya taka Bagzan da Timiya ya je, ƙasar ta cancanci wahalarta, amma ya jira sanyi ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da kwaruruka suka bushe lemu kuma ya nuna, ya nemi labarin tsaron hanya kafin ya tashi, a rubuta masa wuraren da za a je a takarda, kuma ya dage ladan jagora ya shiga hannun jagora a gabansa. Ni dai ba zan sake bi ta wannan ofis ba. Kuɗin Asode da Alhajin ya yi alkawarin mayar mana har yau ban gan shi ba, kuma tun makon da ya wuce ya daina ɗaukar wayata.