Rage mitar PWM ko ƙara resistar get: wanne zai magance hayaniyar lantarki a kwantirolar moto?

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa kwantirolar moton BLDC (moto marar burushi) mai volt 48 da MOSFET IRFB4110 (transistar da ke kunna wuta da kashe ta), amma da zarar an yi mata lodi sai siginar Hall (sansar da ke nuna inda moton yake a juyinsa) ta rikice, moton ya riƙa fizga. Wani ya ce ka sauke mitar PWM, wato yawan kunnawa da kashe MOSFET a sakan ɗaya, daga 16 kHz zuwa 8, wani ya ce ka ƙara resistar get, wato ƙafar da ake kunna MOSFET da ita. Ba ciwo ɗaya suke magancewa ba.

Sauke mita zafi yake ragewa. Duk kunnawa da kashewa akwai ɗan lokacin da volt da amfiya ke haɗuwa a jikin MOSFET, nan wuta ke zama zafi. A volt 48 da amfiya 20, in kunnawa da kashewa sun ci nanosakan 100 a haɗe, asarar a 16 kHz ta kusa wat 0.8, a 8 kHz rabin haka. Sai dai tsallen da volt ke yi a kowace kashewa yana nan da girmansa, yawan zuwansa kawai ka rage. Ga kuma kukan moto, don 8 kHz kunne na jin sa sarai.

Ƙara resistar get kuwa saurin kunnawa da kashewa yake ragewa, kuma daga wannan saurin hayaniyar lantarkin da ke rikita siginar Hall ke fitowa. Waya mai tsawon santimita 5 tana da kusan nanohenri 50, ma'aunin yadda take tirjewa in amfiya ta canza farat ɗaya. Ka yanke amfiya 20 a cikinta cikin nanosakan 20, volt 50 za ta harbo. Ɗora wannan a kan batirin lithium mai sel 13 da ya cika, volt 54.6, ka riga ka haura volt 100 da IRFB4110 ke iya ɗauka. Shi ya sa ake ganin MOSFET ya mutu alhali ƙarfen sanyaya bai ko ɗumama ba. Babbar resista na kwantar da wannan tsalle, amma da zafi za ka biya: in lokacin ya kai nanosakan 400, asarar ta koma wat 3. Dole ka ƙara tazarar da ke tsakanin kashe MOSFET na sama (na ɓangaren + na batiri) da kunna na ƙasa (na ɓangaren −), in ba haka ba su kunnu tare, su haɗe bakin batiri biyu kai tsaye.

A ganina matsalarka ta resista ce, kada ka taɓa mita. Amma kafin nan duba allon, wannan shi ne abin da ya fi damuna a aikin masu haɗi da hannu. Manna kafasitoci dab da ƙafafun MOSFET, ka raba wayoyin Hall da manyan wayoyi ukun nan na moto, kada ka ɗaure su wuri guda. Sannan ka riƙa ƙara resistar kaɗan-kaɗan, daga om 10 zuwa 22, kana duba tsallen a osiloskof (na'urar da ke zana siffar volt a allo), kana kuma auna zafin ƙarfen sanyaya lokacin da moton ke jan lodi.