Mai hoda ko mai ruwa? Amsa ga ɗan'uwanmu na Yamai

Ɗan'uwa, ka ce ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin injin buga takarda mai hoda da mai tawadar ruwa, don takardun da kake saukewa daga intanet. Duka biyun sun zauna a shagona nan Tawa.

Mai hodar nawa HP P1102 ne, ɗan ƙarami, baƙi da fari kawai yake fitarwa. Ya sha hazo, ya sha zafin watan Afrilu, iyakar hidimarsa in kakkaɓe shi in rufe da tsohon zanen uwargida. Kartush ɗinsa, wato mazubin hodar, mai lamba 85A, kamfanin ya ce yana kai shafi wajen 1,600, kodayake wannan lissafin na shafi mai rubutu kaɗan ne. Ranar da ya shiga raina, wani ɗalibin jami'a ne ya buga takardar rajistarsa cikin damina, ya cusa a aljihu, ruwa ya kama shi bisa kabu-kabu. Ya dawo jiƙe sharkaf, takardar ta yi laushi kamar ganyen kabeji, amma ko harafi ɗaya bai zuba ba. Dalili, hodar narkar da ita injin yake da zafi ta manne a jikin takarda. Zafin nan kuwa wuta yake ci, kar ka ɗora shi kan ƙaramin batir.

Mai ruwan kuma, to, yana fitar da kala. Na tafi Ƙonni sati uku, na dawo na tarar tawada ta bushe a kansa, yana ta zane-zane kamar tsagar fuska. Yana nan ƙarƙashin tebur.

Sai dai rabin ɓarnar takardar intanet ba laifin inji ba ne. Mu nan A4 muke amfani da ita, milimita 210 da 297, ma'aunin da ya samo asali daga Jamus a 1922. Amurkawa tasu Letter ce, 216 da 279: ta fi tamu faɗi da milimita 6, ta gaza ta tsawo da 18. Takardar da aka tsara a can, in ka tura ta haka nan, sai gefe ya yanke ko rubutu ya ƙanƙance, wani injin ma ya tsaya yana ƙyafta jar fitila. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet tun 1998 ta buɗe wa masu gina shafi hanyar faɗin yadda zai fito a takarda, har yau kuma ana ta yi wa ƙa'idar kwaskwarima, amma da yawansu ba su waiwaye ta ba. Shi ya sa labarin shafi biyu yake fito maka bakwai, har da talla. Ni sai na danna Ctrl da P, in ajiye shi PDF, in tabbatar A4 ce, in duba da idona, sannan in zaɓi shafukan da nake so.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwa. Akwai masu ɗura hoda a tsohon kartush, su naɗe a sabon kwali su sayar maka kuɗin na asali. Ɗurin ba aibu ba ne, ni ma ina yi, amma a faɗa maka. In inji na hannu za ka saya, juya bayansa ka karanta: wanda ya fito daga Amurka galibi na wutar volt 110 ne, wutarmu 220, kana jonawa sai hayaƙi. Kuma a buga shafin gwaji a gabanka kafin jaka ɗaya ta bar aljihunka.

Ɗauki mai hoda. Ranar da kake son kala, kai PDF ɗinka sibar su buga maka.