Sharhi kan kundin tsofaffin tambayoyin jarrabawar Makarantar Horar da Lauyoyi

Kundin da zan yi magana a kansa shi ne irin wanda masu sayar da littattafai ke ɗinkawa su kawo wa ɗaliban Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wanda ya tattara tambayoyin jarrabawar ƙarshe na shekarun baya tare da amsoshin da wani ya rubuta a ƙarƙashinsu. Na saye shi ina ɗalibi a reshen makarantar da ke Bagauda a jihar Kano, kuma na yi aiki da shi tun daga tsakiyar zangon karatu har zuwa daren jarrabawa. Hukuncina a kansa shi ne tambayoyin sun cancanci kuɗin da aka biya har da ƙari, amma amsoshin ba abin da za a rungume ido rufe ba ne.

An raba kundin gida biyar bisa darussan da ake jarrabawa a kansu, wato shari'ar ƙararrakin jama'a, da shari'ar laifuka, da harkokin kamfanoni, da harkokin filaye da kadarori, da kuma ɗa'ar aikin lauya. Takardar ba ta da kauri, wasu shafukan kuma sun dusashe saboda yawan kwafi, sai dai ana iya karantawa.

Babban amfaninsa shi ne yana nuna wa wanda ya fito daga jami'a cewa salon tambaya ya canza. A jami'a an saba a ce wa ɗalibi ya tattauna wata ƙa'ida, ya kawo ra'ayoyin masana, ya cika shafuka. A nan kuwa labari ake ba shi: wani ya sayi fili a Legas, ko an kama wasu da zargin fashi a Abuja, sannan a ce ya rubuta takardar miƙa mallaka, ko takardar tuhuma, ko takardar rantsuwa mai raka roƙo a gaban kotu. Idan mutum ya jera tambayoyin shekaru da dama ya karanta su a zama ɗaya, zai ga waɗansu abubuwa suna ta dawowa da sabbin sunaye da sabbin garuruwa, kamar batun amincewar gwamna kafin a miƙa mallakar fili a ƙarƙashin sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, da batun kotun da ke da hurumin sauraron ƙara.

Karanta tambaya da amsarta a kan gado ba ya tsinana komai, domin ido yana yaudarar mutum ya ɗauka ya iya. Abin da ya amfane ni shi ne na rufe amsar da takarda, na ajiye agogo a gabana, na rubuta komai da biro kamar ina ɗakin jarrabawa. A nan ne ake gane cewa takardar tuhuma da ake ganin tana da sauƙi tana buƙatar sunan kotu a sama, da yankin shari'a, da lambar ƙara, da sunayen ɓangarori, da kowane laifi a nasa gurbin tare da sashen dokar da ya tanadi hukuncinsa, da kwanan wata, da sa hannun mai gabatar da ƙara, kuma kowanne daga cikinsu yana iya zama makin da za a rasa. Hannu ma yana buƙatar sabo, domin yatsun da suka saba da danna waya sukan gaji tun ba a kai tambaya ta uku ba.

Inda kundin ya gaza shi ne amsoshi, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Doka tana canzawa, wanda ya tattara kundin kuma bai koma ya gyara tsofaffin amsoshin ba. A sashen kamfanoni na tarar da amsar da ke cewa sai mutum biyu ne za su iya kafa kamfani, kuma mafi ƙarancin jarin kamfani mai zaman kansa naira 10,000 ne. Wannan daidai ne a ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 1990, amma sabuwar Dokar Kamfanoni (CAMA) ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani mai zaman kansa, ta kuma ɗaga mafi ƙarancin jarin zuwa naira 100,000, na kamfanin da jama'a ke sayen hannun jarinsa kuma zuwa naira miliyan 2. Haka nan a sashen laifuka, tsofaffin amsoshin da suka shafi Abuja sun dogara ne da dokar da ake bi kafin zuwan Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka (ACJA) a 2015, wasu na Legas kuma a sashen ƙararrakin jama'a suna ambaton ƙa'idojin Babbar Kotun jihar na 2012 alhali na 2019 sun maye gurbinsu. Gefen shafukan nawa kundin cike yake da jan biro, domin kowace amsa sai da na auna ta da dokar da ke aiki da kuma abin da malamai suka koyar a aji. Wannan aikin gyaran ya koya mini abubuwa da yawa, amma ba yabon mai kundin ba ne.

Sashen tambayoyin canki-canka ma yana da irin wannan matsala, domin akwai wuraren da harafin da aka nuna a matsayin amsa bai yi daidai da dokar ba. Duk da haka yana horar da mutum kan sauri, wanda shi ne abin da wannan ɓangare ya fi buƙata.

A zamaninmu darasin da ɗalibi ya fi samun ƙarancin maki a cikinsa shi ne ke yanke darajar sakamakonsa gaba ɗaya, saboda haka bai kamata a ƙare ƙarfi a kan shari'ar laifuka don tana da daɗin karantawa a bar ɗa'ar aiki ba, musamman ganin cewa ƙa'idojin ɗa'ar lauyoyi na 2007 an sauya su da na 2023. Kafin a biya kuɗin kundin, a buɗe sashen kamfanoni a duba adadin jarin da aka rubuta. Idan naira 10,000 aka gani babu wani bayani a gefe, to a san cewa tambayoyin kaɗai ake saye.