Giya huɗu, biyar ko shida: zaɓin da ke gaban mai sayen motar Amurka mai kuloci

Motar da direba ke sauya wa giya da hannu ta yi ƙaranci a Amurka, kuma ba jiya abin ya faro ba. Tun da kamfanin Oldsmobile ya fito da akwatin giya atomatik mai suna Hydra-Matic a motocinsa na 1940 direbobin ƙasar suka fara komawa wa atomatik, har ya zamana yau mai neman motar Amurka mai kuloci yana zaɓi ne tsakanin zamunna, kowanne da irin akwatin giyarsa da irin ɗawainiyarsa.

Mafi tsufa a kasuwa shi ne mai giya uku. Cadillac ne ya kawo sinkiro a 1928, wato zoben da ke daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu, sannan a ƙarshen shekarun 1930 aka ɗauke sandar giya daga ƙasa aka maida ta jikin sitiyari. Akwati ne mai sauƙin gyara, amma a da yawa daga cikinsu giya ta ɗaya ba ta da sinkiro, sai mota ta tsaya cak ake shigar da ita. Wannan na mai son kayan tarihi ne, ba na mai fita aiki kullum ba.

Inda farashi ke tashi, gardama kuma take zafi, shi ne kan masu giya huɗu. Akwatin T-10 na kamfanin BorgWarner ya shiga motar Corvette a 1957, daga 1963 kuma General Motors ya koma ga akwatin da yake ƙerawa a garin Muncie na jihar Indiyana, mai gangar jiki ta alminiyum. Iri uku ne: M20 mai tazara mai faɗi tsakanin giya da giya, wanda ya fi daɗin tashi a cikin gari, M21 mai tazara matsattsiya, sai M22, wanda aka rage karkatar haƙoransa domin ya jure injin mai ƙarfi, abin da ya sa yake kuka ko da lafiyarsa ƙalau. M22 ne ya fi suna da tsada, amma ga wanda ba tsere zai shiga ba, M20 ya fi masa amfani nesa ba kusa ba. Ford ya fito da Toploader a 1964, na zubin ƙarfe, wanda murfinsa yake sama maimakon gefe, shi ya sa gangar jikinsa ta fi ƙwari. A shekarar ce Chrysler ma ya kawo A833, mai nauyi da juriya, wanda aka riƙa haɗawa da Hemi, injinsa mai ƙarfi. Akwai kuma Saginaw, shi ma na General Motors, da aka yi domin motoci masu matsakaicin ƙarfi. Kada mai saye ya biya kuɗin Muncie a ba shi Saginaw.

Aibi guda ya haɗa su a wancan zamani: giya ta huɗu kai-tsaye take, duk juyin da injin ya yi shi ne ke fita ta bayan akwatin. A doguwar hanya injin yana ta ruri, mai yana ta zuba. Ba a damu da haka ba sai da rikicin man fetur na 1973 ya zo, aka ƙayyade gudu a mil 55 cikin awa a 1974, kamfanoni suka shiga neman giyar da za ta sassauta wa injin idan mota ta miƙa hanya.

Amsar da ta fi yaɗuwa ita ce BorgWarner T-5 mai giya biyar, wanda ya shiga Mustang a 1983, aka inganta shi a 1985. Ba shi da nauyi, yana da araha, kayan gyaransa kuma a wadace suke, sai dai ba ya jure injin da aka ƙara wa ƙarfi. T-56 mai giya shida ne ya toshe wannan ɓaraka: Dodge Viper ta fara da shi a 1992, Camaro da Firebird a 1993, Corvette a 1997, kuma giyarsa ta biyar da ta shida duka na sassauta wa injin ne. Bayan kamfanin Tremec na Meziko ya karɓi aikin daga hannun BorgWarner, ya fito da magajinsa TR-6060, wanda ake samu a Shelby GT500 ta 2007 da Challenger da Camaro SS. A ganina, duk wanda tuƙi ya kawo shi ba ajiya ba, a nan ya kamata ya tsaya.

Sababbi kuwa sun kusa ƙarewa. Corvette ta yi giya bakwai daga 2014, ta bar kuloci gaba ɗaya a 2020, an kuma dakatar da ƙera Camaro da Challenger a Disambar 2023. Mustang ta ci gaba, amma akwai bambancin da ya kamata a sani: samfurin GT tana da akwatin Getrag MT-82, wanda masu ita suka daɗe suna kuka da shi kan taurin shiga giya idan injin ya ɗau gudu, ita kuwa Dark Horse tana da Tremec TR-3160.

Ko wane aka zaɓa, a gwada motar da sanyin safiya kafin injin ya yi zafi. Idan aka ji gurzar haƙora wajen shiga giya ta biyu, sinkiro ya cinye. Idan sandar ta fice da kanta lokacin da aka ɗage ƙafa daga totur, aikin ya kai ga sauke akwatin. A kwance ƙusar zubar da mai a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe, a tsohuwar mota kuma a gwama lambar da aka buga a jikin akwatin da ta motar, domin a nan rabin darajarta take. A Camaro da Corvette masu T-56, sandar takan tsallake daga giya ta ɗaya zuwa ta huɗu idan ana tafiya a hankali. Ba lalacewa ba ce, dabarar kamfani ce ta rage shan mai. Wanda zai shigo da irin wannan mota Kano ko Yamai ya tanadi farantin kuloci tun daga can, ya kuma ja kunnen bakanikensa kan mai, domin T-56 da T-5 na bayan 1985 man atomatik mai ruwa-ruwa suke sha, man giya mai kauri da aka saba ɗurawa yana lalata musu sinkiro.