Yawon yini ɗaya zuwa kaburburan Silla a Gyeongju: wurin ya biya, tsarin tafiyar ne da gyara

Na sayi tikitin yawon yini ɗaya daga Busan zuwa Gyeongju a Koriya ta Kudu ne saboda Daereungwon, makabartar manyan Silla, wata tsohuwar daular Koriya, mai tudun kaburbura 23. Minti arba'in kacal kamfanin ya ware mata, kuma rabinsu ya tafi a layin ɗaukar hoto tsakanin tuddai biyu. Wannan ya ƙona mini rai, domin abin gani yana cikin Cheonmachong ne, kabarin da aka tona a 1973 aka kuma buɗe cikinsa ga masu ziyara.

Cikin kam ya wuce yadda na zata. An yanka tudun mai tsayin mita 12.7 da faɗin mita 47 ta yadda ido zai bi ginin daki-daki: akwatin gawa na katako, akwatin dukiya ta wajen kai, ɗakin katako da ya rufe su, tulin duwatsun kogi a kansa, sai yumɓu da ƙasa. Babu ƙofa, babu hanyar shiga. Idan katakon ya ruɓe sai duwatsun su rufta ciki, ɓarawon da ya haƙa rami kuwa dutse ne zai zubo masa. Shi ya sa aka samu kayayyaki sama da 11,000 a kabari guda. Wanda ya tsaya ya dubi yawan duwatsun nan zai gane irin ikon da mai mulki ke da shi a kan ƙwadagon jama'a a ƙarshen ƙarni na 5 zuwa farkon na 6. Wannan sashe kaɗai ya cancanci kuɗin shiga.

Sai dai jagoran yawon ya nuna mana kambin zinariya a bayan gilashi kamar shi ne na asali, alhali kwafi ne. Na gaskiyar, mai rassa kamar bishiya da ƙahon barewa da korayen duwatsu masu lanƙwasa, yana Gidan Tarihi na Ƙasa na Gyeongju, kuma motarmu ba ta tsaya can ba. Zanen farin dokin da kabarin ya samo sunansa ("cheonma" na nufin dokin sama) ma ba a bango aka yi shi ba, a kan ɓawon bishiya ne da ake ratayawa gefen sirdi don kare mahayi daga taɓo. Haka kuma jagoran ya laƙaba wa kabarin sunan wani sarki kai tsaye, alhali "chong" da ke ƙarshen sunan na nufin ba a tabbatar da mai shi ba. Kabarin sarkin da aka sani "neung" ake ce masa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wuce Hwangnamdaechong da aka yi ba bayani. Tagwayen tudu ne mai tsawon mita 120. A ɓangaren arewa, na mace, aka sami kambin zinariya, shi kuwa namijin da ke kudu nasa na tagulla ne mai ruwan zinariya, kuma wannan babbar magana ce kan matsayin matan gidan sarauta. A wajen namijin an sami ƙasusuwan wata yarinya da ake ganin an binne ta tare da shi, al'adar da Sarki Jijeung na Silla ya haramta a shekarar 502. Can ne kuma aka tono butar gilashi irin ta daular Rum, wadda aka gyara mariƙinta da zaren zinariya. Duk wannan, ko kalma ɗaya jagoran bai faɗa ba.

Wanda zai je, ya hau motar haya da kansa, tafiyar kusan awa ɗaya ce daga Busan. Ya ba makabartar awa biyu da safe, sannan ya wuce gidan tarihin ya ga kambin na asali.