Shekara shida da Toyota Tundra: ƙarfinta a ja yake, ba a ɗauka ba

Tambayar da aka fi yi mini a gidan mai ita ce, "Alhaji, buhu nawa take ɗauka?" Idan na ce shida, sai mutum ya sake duban motar daga gaba har baya, yana zaton ban ji shi da kyau ba. Na ji shi sarai. Buhun masara shida mai kilo 100, da ni direba, lodinta ya cika.

Tundra ce ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu da ake kira Double Cab, da injin V8 mai lita 5.7, kuma tana ja da ƙafa huɗu. Tokumbo na saye ta a ƙarshen 2019. A Kano nake zaune, gonata kuwa tana gaba da Tudun Wada, ka bi titin Zariya ka karya a Kwanar Dangora. Masara nake nomawa da waken suya. Zuwa da dawowa ina cin kusan kilomita 240, kuma ƙarshen hanyar burji ne da jar laka.

Mu da muka tashi muna ganin akori-kura ƙirar Peugeot 404 ana danƙara mata kaya har ta durƙusa kuma ta kai su kasuwa, mun ɗauka duk motar da ta fi girma ita ta fi ɗaukar kaya. Da wannan tunanin na saye ta. Kakar farko na sa aka loda mata buhu 15. Injin bai ko nuna ya ji ba, yadda ta saba haka ta ja. Amma bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako a hannuna, kuma kafin mu fito kwalta ganyen sifirin ɗaya ya karye. Sai daga baya na karanta 'yar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, inda aka rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya. A tawa bai kai kilo 700 ba. Hilux da ba ta kai ta girma ba tana ɗaukar kusan tan guda. Wannan takardar tana nan a kowace irin wannan mota da ta fito daga Amurka, kuma ita ya kamata mai saye ya fara dubawa kafin fenti da kujeru.

Dalili shi ne an fi ƙera irin waɗannan motoci don ja da jin daɗin tafiya. Tundra da Ford F-150 da Chevrolet Silverado duk 'yan aji ɗaya ne, ana rataya musu tirelar dawaki ko ƙaramin jirgin ruwa ko ɗakin kwana mai taya, shi ya sa aka sassauta sifirin ɗin baya don jin daɗin zama, aka zuba ƙarfin a inji da giya da birki. Injin nan yana ba da ƙarfin doki 381, kuma an ƙayyade mata jan tirela mai nauyin tan huɗu da 'yan kai. A watan Oktoban 2012 ma irin wannan ƙirar ce ta ja kumbon 'yan sama-jannati mai suna Endeavour ta haye da shi wata gada a yankin Los Angeles. Da na gane haka sai na sa masu walda suka ƙera mini tirela mai taya huɗu. Da ita nake kai injin casar masara da taki, da ita nake fito da hatsi zuwa inda babbar mota za ta iya shigowa. A nan kam ban ga abin kushewa ba. Akwai maɓallin da aka rubuta wa Tow/Haul, idan ka danna sai giya ta daina saurin hawa, a gangara kuma ta riƙe motar da inji. Sai dai a saka wa tirelar birkinta. Littafin motar ya ce tirela marar birki kada ta wuce kilo 450, kuma duk wanda ya taɓa jin tan uku na tura shi ta baya a gangara ya san ba don ado aka rubuta ba.

Mai kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tankinta lita 100 ne. A cikin gari, da cunkoso da esi a kunne, lita ɗaya ba ta wuce mini kilomita biyar. A babban titi, idan na tsaya a gudun kilomita 100, ina samun bakwai. Da tirela sai ya koma huɗu. Lokacin da na saye ta lita tana naira 145, da naira 14,500 nake cika tanki. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta haura naira 500 cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000, cika tanki ya zama fiye da naira dubu 100. Wannan ya canza zamana da motar gaba ɗaya. Da ita nake zuwa ko'ina a da, har ɗaurin aure a cikin gari. Yanzu ƙaramar mota nake hawa a Kano, ita sai ranar gona ko tafiya mai nisa. Dama cikin gari ba wurinta ba ne: tsawonta ya kusa mita shida, faɗinta mita biyu, lungunan cikin badala ba sa ɗaukarta, a Kantin Kwari ko Sabon Gari kuwa neman wurin ajiye ta kaɗai aiki ne. Na yi tunanin mayar da ita mai amfani da gas na CNG, na fasa, saboda tukunyar a bodi za ta zauna, ta cinye wuri, ta kuma cinye daga ɗan nauyin da dama bai da yawa.

A doguwar tafiya ne take biyana. Daga Kano zuwa Abuja mutum biyar, kowa a sake, ka sauka ba ciwon baya. Ramukan da ke sa ƙananan motoci kauce-kauce ita wucewa take yi. A laka kuma, in bodin fayau yake bayanta ba nauyi, sai ta riƙa wutsil-wutsil, don haka da damina ba na raba ta da buhun yashi biyu a kan tayoyin baya. Ja da ƙafa huɗu na laka da yashi ne kawai. Idan ka hau kwalta ka mayar da ita biyu, in ba haka ba kana wahalar da giyar tsakiya.

Wajen saye akwai abin da ya same ni da nake so wani ya kauce masa. Dillalin ya nuna mini rubutun Texas a jikin ƙofa, ya ce, "Ka gani Alhaji, daga jihar zafi ta fito, ba tsatsa." Ashe a San Antonio ta jihar Texas ake ƙera su, rubutun wurin haihuwa ne, ba wurin zama ba. Da na bi lambar shasi mai harafi 17 a Carfax, shafin intanet da ke ajiye tarihin motocin Amurka, sai na ga a Ohio ta yi rayuwarta, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Gishirin nan ya ci ƙarƙashinta, ya ci bututun birki, ya kama notuna. Allah ya sa shasin bai huje ba. Sai da aka kankare, aka shafa maganin tsatsa, aka sake bututun birki gaba ɗaya. Duk wanda zai saya ya sa a ɗaga motar, ya shiga ƙarƙashi da tocila da guduma, ya kuma bi lambar shasin kafin ya biya ko sisi. Motoci da yawa da ke zuwa mana daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye ake kwaso su.

Injin kansa ban taɓa buɗe shi ba. Sarƙa yake amfani da ita maimakon bel na taimin, don haka fargabar tsinkewar bel babu ita. Kuma injin ɗaya ne da na Lexus LX 570 da Sequoia, abin da ya sa filogi da filta da famfon ruwa ba sa wuyar samu a Ƙofar Ruwa. Kayan jiki ne ke ba da wahala. Fitilar baya da wani mai adaidaita ya fasa mini sai da aka aiko daga Ladipo a Legas, na jira mako biyu. Baƙin mai tana shan wajen lita bakwai da rabi, mai lamba 0W-20. Makanikai da yawa za su ce maka ya yi ruwa-ruwa, zafin Arewa sai mai kauri. Ni dai abin da aka rubuta a murfin inji nake zubawa, kuma a wurin da na amince da shi nake saye, domin jabu ya yi yawa, araha kuwa ba ta ado. A lura kuma da mil take ƙirga tafiya, ba kilomita ba. Mil 5,000 da aka saba juye mai a kai kilomita 8,000 ne. Saboda ƙura ni ba na bari ta kai haka, a mil 3,500 nake juye mai. Filtar iska da hunturu duk mako biyu nake dubawa.

Sau ɗaya ta yi zafi, da famfon ruwa ya tsufa ya fara ɗiga. Makanikin da na fara kai wa ya ce, "Alhaji, a cire tamostat kawai a huta, na ƙasar sanyi ne." Ban yarda ba, domin tamostat ne ke daidaita zafin inji, kuma tun ranar ban koma wurinsa ba. Injin da kwamfuta ke sarrafawa idan bai kai zafin da aka tsara masa ba ƙarin mai yake sha. Aka sa sabon famfo, aka zuba ruwan lagireto mai ruwan hoda irin nata, ba ruwan rijiya ba, magana ta ƙare. Giyarta ba ta da sandar awon mai, don haka kada a bar wanda bai san yadda ake auna ta ba ya taɓa. Ka nemi makaniki mai na'urar gwaji ka riƙe shi.

Kayan ƙari na kashe musu kuɗi, wasu sun biya, wasu ba su biya ba. Shimfiɗar roba a bodi ita ce ta fi komai amfani, domin taki yana cin ƙarfe kamar gishiri. Matakalar gefe ma dole ce in kana ɗaukar dattawa. Mahaifiyata ba ta iya hawa sai da aka sa. Tayoyin da ta zo da su na kwalta ne, kututturen masara ya huda biyu a wata ɗaya, sai na koma masu kauri da ake rubuta wa LT, ban ƙara girma ba, rim 18 ɗin dai. Sun ɗan ƙara ƙara a titi da shan mai, amma mai faci ya daina ganina. Murfin bodi mai naɗewa kuwa bai yi mini ba. Rana ta busar da shi cikin shekara biyu, ƙura tana shiga ta gefe, kuma duk ranar lodi sai an cire. Tamfol mai kyau da igiya sun fi shi. Ƙaton ƙarfen gaba da na sa don kariya shi ma na cire, nauyinsa ya sa gaban ya sunkuya ya cinye shokoziba. Fitilun nan masu kashe ido da ake jerawa a rufi ban sa ba, kuma ina roƙon masu sawa su riƙa kashe su a babban titi. Na sha haɗuwa da su da dare tsakanin Kura da Kwanar Dangora, sai na taka birki na tsaya don ba na ganin gabana.

Wanda buhuna zai riƙa kaiwa Dawanau kullum, Hilux ko Canter ce motarsa, su za su mayar masa da kuɗinsa. Wanda yake da abin ja, da hanya mai nisa marar kyau, da wata ƙaramar motar ta cikin gari, Tundra za ta yi masa aiki shekara da shekaru. Tawa yanzu ta haura mil 210,000. An yi mini tayi sau biyu ban sayar ba. Kafin ruwan farko ya sauka zan kai ta a sake duba ƙarƙashin, a sauya shokoziba na baya, sannan a fara jigilar taki.