Gwajin ƙoda a wani labo na Garwa: hannunsu da kyau, bayani ne babu

Likitan Baba ne ya tura mu gwajin ƙoda. Baba ya daɗe da hawan jini, shi kuwa hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, ga shi ba ta cika nuna alama ba sai ɓarna ta yi nisa. Muka je wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a nan Garwa.

Wurin tsaf yake. Yarinyar da ta ɗebi jinin a gabanmu ta ɓare sabuwar allura, ta rubuta sunan Baba a jikin kwalbar tun kafin ya sauke hannun rigarsa. Da safe aka ɗiba, bayan la'asar sakamako ya fito, kuɗin ma ba su tsawwala ba.

Inda suka gaza shi ne wajen miƙa takarda. Na tambayi na kan tebur me tauraron da ke gefen "Créatinine 14 mg/L" yake nufi, ya ce, "Alhaji, wannan sai likita." Gaskiyarsa, ba shi zai yanke hukunci ba, amma ai mutum ba zai kwana da tauraro a takardar mahaifinsa hankalinsa kwance ba. Ƙanena da ke Yola ya ga hoton takardar a WhatsApp, ya kira a gigice, wai wannan lamba ta masu wankin ƙoda ce. Ashe ma'auni ne ya bambanta. Shi mg/dL ya saba gani, inda 14 ɗin tashin hankali ce. A nan da mg/L ake yawan rubutawa, sai an raba da goma: na Baba 1.4 ke nan a ma'aunin mg/dL. Na namiji lafiyayye yakan tsaya tsakanin 7 da 13 mg/L. Ya ɗan haura, ba wai ya kai inda aka yi ta salati a gida ba.

Likita ne ya warware mana sauran. Kiriyatinin, wato "Créatinine" ɗin takardar, datti ne da tsoka ke fitarwa, ƙoda ta tace shi ya bi fitsari. In tacewa ta ragu sai ya taru a jini. Shi ya sa ƙaƙƙarfan saurayi zai iya fin tsoho yawansa alhali lafiyarsa lau, kuma wanda ya cika ciki da tsire kafin gwaji nasa kan ɗan ɗaga. Layin "Urée" kuma, wato wani dattin da ƙoda ke tacewa, ƙarancin ruwa a jiki kaɗai na iya tura shi sama, wanda ya san zafin Garwa na watan Afrilu ya san ba abin mamaki ba ne.

Abin da ya fi ba ni haushi, lambar da ta fi muhimmanci ba su saka ba, wato DFG, ƙiyasin ƙarfin tacewar ƙoda. Ba sabon gwaji ba ne, lissafi ne daga kiriyatinin da shekaru da jinsi. Likita a wayarsa ya buga, na Baba ya fito wajen 55. Daga 90 zuwa sama shi ne daidai. Ƙasa da 60 in ya zarce wata uku ana kiransa ciwon ƙoda mai daɗewa. Maganar wanki ba ta cika tasowa ba sai an sauka ƙasa da 15. Don haka gwaji ɗaya bai isa ba. Ya ce a maimaita bayan wata uku, a haɗa da na fitsari don a ga ko furotin na yoyo, Baba kuma ya rabu da diclofenac ɗin da yake saye a kasuwa saboda ciwon gwiwa.

Can za mu koma, don likita ya fi son a kwatanta sakamakon wuri ɗaya. Sai dai wannan karon tun wajen biyan kuɗi zan ce su rubuta DFG a takardar.